Agogo a Goshin Mota

A Magazin ta Kumasi, unguwar makanikai, inda ƙarfe ke kuka tun hudowar rana har faɗuwarta, akwai wani layi da ya gangara zuwa bakin rafi. A ƙarshen layin akwai rumfar kwano wadda tsatsa ta rine ta launin taunannen goro. Rumfar Agya Adusei ke nan, wato Baba Adusei a yarensu, bakanike, gajere mai faɗin ƙirji, kansa fari fat kamar an yayyafa masa garin rogo. Ba a ganin sa sai da wata doguwar sukudireba soke a aljihun baya, wadda mariƙinta na katako ya yi sulɓi don shan gumi.

Da sukudirebar nan ya ci, ya sha, ya yi aure, ya gina ɗakuna a Tafo, alhali ba kasafai yake kwance komai da ita ba. Yakan ɗora bakinta a jikin inji, ya manna mariƙin a ƙashin bayan kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron gulma ta bayan katanga. In ya buɗe ido ya ce fulogi na uku ne, to fulogi na uku ne. In ya ce wa direba, "Tafi gida, lafiyarta ƙalau, ƙafarka ce ba ta da tarbiyya," sai direban ya tafi yana ƙunƙuni, motar kuwa ta shekara ba ta yi ko tari ba.

Yana ɗan saurayi uwarsa ta kawo shi daga ƙauyensu na bayan Ofinso a kan buhunan koko, ta damƙa shi ga wani maigida tare da tunkiya da kwalbar giya. Ya wanke noti a cikin kananzir har fatar hannunsa ta saɓule, ya kwana a cikin matattun motoci, ya ci dokunu, curin tuwon masara, da barkono ba kifi. Abin da ya fito da shi daga wannan wahala kunne ne.

A layinsu kuwa kunne shi ne sarauta. Ba a 'yanta ɗan koyo sai an gwada jinsa. Ranar 'yanci, kafin a zuba wa kakanni giya a ƙasa, kafin a baɗe yaro da farar hoda, sai a ta da wata mota da aka ɓata da gangan, a sa shi ya juya mata baya ya faɗi ciwonta. Shekara da shekaru Agya Adusei ne ke ɓata motar, shi ne kuma ke yanke hukunci. Da samari suka fara shigowa da na'urori masu gilashi da allura, shi ya fi kowa yi musu dariya. "Wanda sai ya duba agogo zai san ciwon inji," in ji shi, "ya tafi kasuwar Kejetia ya sayar da agogo." Maganar ta bi layi har ta zama karin magana.

Ƙananan sautuka ne suka fara yi masa sallama, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar baƙin da ba sa son ta da mai gida daga barci. Tsuntsayen asuba suka tafi. Gyare ya daina kuka da damina. A coci sai ya ga bakunan mata na buɗewa, amma muryoyin maza kaɗai ke isowa gare shi. Gudumar masu bugun jikin mota, wadda ya kwana ya tashi a cikinta tun ƙuruciya, ta gama cinye abin da ta daɗe tana gaigaya. Matarsa Afrakoma ce ta fara ganewa. Ta dai koyi taɓa kafaɗarsa kafin ta yi magana, ta tsaya inda zai ga bakinta. Shi kuma ya koyi karanta leɓe, ya koyi yin dariya in ya ga ana yi. Babbar ƙara tana shiga kunnensa, tafin hannunsa kuma yana jin rawar inji, don haka ya daɗe yana rufa wa kansa asiri.

Maame Konadu mai doya ce ta tone shi, ba da niyya ba. Doguwar mace ce mai murya kamar ƙaho, da kanta take tuƙa akori-kurarta zuwa Ejura, don ta gaji da direbobin da ke sayar da mai a hanya su ce mota ce ta sha. Motar nan ta koyi wata mugunta. A cikin gari lafiya lau. Amma in ta yi nisa ta kama hawan dutsen Mampong, sai ta soma shessheƙa, ta yi fizge-fizge, ta mutu. Kafin ta huce ta yarda ta tashi, kasuwa ta watse, 'yan'uwanta fatake sun kwashe doyar kirki sun bar mata masu ƙwari.

Agya Adusei ya ce ta murɗa makulli rabi. Ya sunkuya ya kara kunne a jikin tanki, inda famfon mai ke zaune, yana jiran siririn kukan nan irin na sauro da famfo mai rai ke yi. Bai ji komai ba. Ya miƙe da cikakken ƙarfin zuciya.

"Famfo ya mutu, Maame."

"To wannan da ke kuka fa, Agya?" in ji ta.

Ya riga ya juya mata baya yana laluben sifana. Ta sake faɗa. Ta kuma faɗa da ƙarfi, har mai walda na maƙwabta ya ɗaga gilashin fuskarsa. Sai da Agya Adusei ya ga idanun mutane a kansa sannan ya waiwaya, ya karanta maganar a bakinta. Famfon yana kuka, kowa na ji, har mai tallan lemo da ke wucewa.

Ba wanda ya yi dariya. Wannan ne ya fi ci masa rai, domin a Magazin ko ƙafa mutum ya karya sai an tsokane shi kafin a ɗauke shi. Ntim ne ya matso, ɗan 'yar'uwarsa, wanda shi ya koya masa aiki ya kuma 'yanta shi da hannunsa. Magidanci ne yanzu mai 'ya'ya a makaranta, amma har yau a rana yake aiki, a gaban rumfar kawunsa.

"Wofa," wato kawu, ya ce a hankali, yana kallon ƙasa, "je ka zauna a inuwa. Bari in duba."

Daga ranar komai ya canja fuska. Direbobi suka riƙa gaishe shi da girmamawa fiye da da, sannan su wuce su miƙa wa Ntim makulli. Aka yi bikin 'yanci a layin ba a kira shi ba. Sai ganin wani saurayi ya yi ya wuce da farar hoda a ka. Sannan saƙo ya zo daga ƙauye cewa Opanin Boaten, babban danginsu, zai zo ya zauna da shi. Agya Adusei bai buƙaci kunne ba don sanin abin da za a faɗa. A wurinsu ɗan 'yar'uwa ne magajin kawu. Rumfar dama ta Ntim ce wata rana, kuma dangi sun ga cewa ranar ta zo. Akwai gonar koko a ƙauye, akwai kujera a gindin bishiya. A can tsofaffin Magazin ke zuwa su zauna, hannuwansu su yi fari, su mutu kafin koko ya nuna sau biyu.

Ntim ya canja matacin mai, ya wanke nozul, ya sa sababbin fulogi. Aiki ne mai kyau, ba mai kushe shi. Mako na zagayowa sai ga akori-kura an jawo ta da igiya, Maame Konadu a bayan sitiyari, ɗankwali a karkace.

"Ina masu kunnen?" ta daka tsawa tun kafin ta sauko. "Ku fito! Kurma ya ce ta mutu, mai ji ya ce ta warke, ni kuwa na wuni a kan dutse ina korar ƙuda!"

Wannan kam Agya Adusei ya ji ta sarai. Ya tashi daga kan bencinsa ya miƙa hannu.

"Ba ni makullin."

"Kai, Agya? Da me za ka ji ta?"

"A nan cikin gareji kowa ya ji ta, Maame, kuma ƙarya take yi wa kowa. A kan dutse take faɗin gaskiya. Ba ni makullin."

Ta dube shi daga furfura har takalmin taya. Ta jefa masa.

Da yamma ya bi ta bayan layi, inda ba zai haɗu da idon sani ba, ya je shagon Bempa. Tare suka yi wankin noti suna yara. Yanzu Bempa na sayar da duk wani abu mai gilashi da allura da aka ciro daga motocin da aka yanko daga Turai.

"A'a! Wa ya mutu?" Bempa ya kware murya. "Kwadwo Adusei a shagon agogo? Ko Kejetia ka nufa ka ɓata hanya?"

"Rufe mini baki, tsohon ɓarawo. Geji nake so, mai nuna ƙarfin mai."

"Na wa?"

"Na wani yaro."

"Yaron nan yana da furfura?"

Bempa ya baje su a kan tebur, manya da ƙanana. Idon Agya Adusei ya sauka a kan ƙaramin cikinsu, wanda zai ɓuya a cikin dunƙulen hannu.

"Ajiye wannan," in ji Bempa. "Na masu kafireto ne. Dubi lambarsa, a sha biyar ta tsaya. Motar Konadu mai nozul ce, famfonta turi yake kamar bijimi."

"Wa ya ce maka motar Konadu ce?"

"Magazin ce ta ce."

"Ni za ka koya wa mai? Ina shan fetur ta tiyo kana tallan gyaɗa."

Gaskiyar magana, tsawon rayuwarsa bai taɓa sanin ƙarfin mai yana da lamba ba. Famfo mai lafiya ya san shi da murya, ya san shi da yadda yake ture babban yatsa in an toshe bakin tiyo. Ya cusa ƙaramin a aljihu ya tafi.

Washegari da sassafe, kafin layi ya cika, ya ɗaga bonet ya rufa wa kansa, ya haɗa gejin ya murɗa makulli. Allurar ta zabura kamar an tsikare ta, ta zagaye fuskar gejin, ta bugi ƙarshe ta lanƙwashe. Fetur ya soma tsattsafowa ta bayan gilashi, ya gangaro masa a hannu, sanyi ƙalau. Ya kashe makulli da sauri. Ya daɗe tsaye yana kallon mataccen abin a tafinsa. Ba Bempa ne ya cuce shi ba, ba kuma gejin ba. Ya zaɓe shi ne don ƙanƙantarsa, kamar mai sayen takalmi don ya shiga aljihu.

Ya koma shagon, wannan karo ta tsakiyar layi. Ya ajiye gawar a kan tebur. Bempa ya buɗe baki zai yi dariya, ya dubi fuskar abokinsa, ya haɗiye. Ya shiga ciki ya fito da wani mai faɗin tafin hannu, lambarsa har ɗari, cikinsa cike da wani ruwa mai kauri kamar zuma.

"Ruwan nan don kada allura ta yi rawa in inji na girgiza," in ji shi, yana fuskantar sa sosai. "Ka nemi wanda ƙarfin motar zai tsaya masa a tsakiya, ba a ƙarshe ba. Ga mahaɗa mai baki uku, ta tagulla. Ga tiyo mai zare a ciki, kada ka sa na ruwa. To, a ina za ka kafa shi?"

Nan gizo ke saƙa. Ciwon ba ya tashi sai mota na tafiya, don haka dole a ga allurar ana cikin tuƙi. A ƙarƙashin bonet ba ta da amfani.

"Akwai mai waya," in ji Bempa. "Shi man yana tsayawa a wurin inji, waya kawai ke shiga ciki. Ka ɓoye shi ƙarƙashin sitiyari, ba mai sani. Amma babu shi a Magazin yanzu, sai jirgi ya zo."

"Doya ba ta jiran jirgi," in ji Agya Adusei. Bai ambaci Opanin Boaten ba, wanda shi ma ba zai jira ba.

Ya koma rumfa da kayan a fili, cikin leda. A bayan inji akwai wata 'yar kafa da wayoyi ke bi su shiga inda direba ke zama. Tiyon zai shige ta tsaf. Zai iya kai gejin ƙarƙashin kujera, ya riƙa satar kallonsa, in sun dawo ya ce kunnensa ne ya gano. Har ya zura bakin tiyon a kafar. Sai ya tsaya. Ya tuna sanyin fetur ɗin safe a hannunsa, ya tuna yadda ya tsattsafo ba sallama. A wannan kujera Maame Konadu ke zama, wani lokaci da jikarta a gefe. Tiyo mai ɗauke da fetur da ƙarfin bijimi, a tsakanin ƙafafun mace da yarinya, don dai kada a ce Adusei ya duba agogo.

Ya zaro tiyon. Ya ɗauko wani guntun ƙarfe ya ɗora a kan maƙera, ya buga shi ya lanƙwasa, ya huda. Ya tura motar daga cikin rumfa zuwa tsakar rana, inda duk mai wucewa zai gani.

Aikin ya yi shi a natse, kamar mai yanka rago a gaban baƙi. Ya cire fis na famfo, ya ta da motar ya bar ta ta shanye man da ke cikin tiyo har ta mutu don kanta. Ya cire kan batir. Ya naɗe tsumma ya yanke tiyon da ke kai mai ga nozul, ya sa mahaɗar tagulla a tsakani, ya ɗaure kowane baki da kilif. Sabon tiyon ya bi da shi nesa da bututun hayaƙi, ya fito da shi ta tsagar da ke bayan bonet, kusa da waifa. A nan, a waje, a gaban gilashi, daidai goshin motar, ya kafa ƙarfensa ya ɗaura gejin yana kallon direba.

Kafin ya ɗaure noti na ƙarshe, layi ya taru.

"Jama'a, ku zo ku ga! Motar doya ta yi agogo!"

"Agya, ƙarfe nawa yanzu? Ina da coci!"

"Masta, ashe Kejetia ce ta taso ta zo Magazin?"

Mai walda ya kama ciki yana dariya. Agya Adusei na karanta su baki bayan baki, sai ya ji wani abu ya kwance a ƙirjinsa. Sun dawo suna tsokanar sa. Tun ranar famfo ba wanda ya yi masa wannan karamci.

Ntim ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya matso kusa ya fuskance shi. "Wofa, don Allah. Kai ne fa ka koya mana cewa kunne ya girmi kaka."

"Na koya muku. Kaka kuwa takan mutu, Ntim. Gani ya kori ji. Mayar mini da fis da kan batir."

Aka murɗa makulli. Allurar ta tashi a hankali cikin ruwanta, ta wuce arba'in kaɗan, ta tsaya cak. Ya bi kowane mahaɗi da busasshen yatsa, ya sunkuya ya shinshina. "Hanci dai bai kurmance ba," ya ce, ya rufe bonet.

Ranar kasuwar Ejura suka ɗauki hanya, Maame Konadu na tuƙi, tanki cike maƙil kamar yadda ta saba, shi kuwa yana gefe ya ɗora haɓa a kan hannu. Tana ta magana tana zagin masu babur, bai ko waiwaye ta ba. Duniya duka ta taru ta koma fuskar geji. Bishiyoyi na wucewa ta bayansa, da masu tallan dodon koɗi, da allunan jana'iza masu hotunan tsofaffi, allurar na tsaye kamar soja. A shingen 'yan sanda wani kofur ya zagaya ya leƙa abin, ya tambaya ko na kiran waya ne.

Bayan sun wuce Agona allurar ta ɗan sunkuya. Kaɗan ne, kamar kaurin gashi. Ya goge ido ya sake dubawa. Ta ƙara sunkuyawa. Injin kuwa a ƙarƙashin tafin ƙafarsa yana tafiya sumul, ba abin da mafi kaifin kunne a Magazin zai ji. Motar na yi masa magana kamar da, a keɓe, tun kafin kowa ya sani, sai dai da wani harshe.

"Za ta mutu a kwana ta gaba," ya ce, da suka kama hawa bayan Jamasi.

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi, Agya!"

Allurar ta zube ƙasa da rabin inda take. Motar ta yi shessheƙa, ta fizga, ta fizga, ta mutu. Maame Konadu ta gangara da ita gefe, ta ja birki, ta ɗora kai a sitiyari.

Ya sauka ya tsaya yana tunani. Famfo na da rai. Mataci sabo ne. Ƙarfin bai yanke farat ɗaya ba, janyewa ya yi sannu sannu, kamar ana riƙe man ta baya. Ya zagaya wurin tanki ya kama murfin. Murfin ya ƙi, kamar wani na jan sa daga ciki. Ya sa ƙarfi ya murɗa. Bai ji komai ba, amma gashin bayan hannunsa ya kwanta, iska ta wuce ta tsakanin yatsunsa ta faɗa cikin tanki.

"Yesu!" in ji Maame Konadu ta taga. "Ta yi ajiyar zuciya!"

"Murɗa makulli."

Allurar ta miƙe tsaye ta koma gurbinta.

Tankin ne ba ya numfashi. Mai na fita, iska ba ta shiga, har famfo ya gaji da ja. Agya Adusei ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar, ya bi wani siririn tiyo da yatsa har ƙarshensa, inda aka bar shi a buɗe yana lilo. Bakin a toshe yake da jar ƙasa, an shafe ta sumul kamar aikin magini. Ya zura waya ya sosa. Ƙasa ta zubo masa a fuska, tare da wasu 'yan korayen tsutsotsi a sandare.

Ya fito yana tofar da ƙasa, ya buɗe mata tafinsa. "Ga mai hana ki doya. Zanzaro ne ya yi gida, har ya tara wa 'ya'yansa abinci."

Ta dubi ƙasar, ta dubi dutsen da ya sha cinye mata kasuwa, ta fashe da dariya har ta zauna a kan kwalta. Shi ma ya yi, irin wadda ya daɗe bai yi ba, wadda ba ta kwaikwayon kowa ba ce. Ya ɗaure bakin tiyon da guntun gidan sauro. Suka haye dutsen allura ba ta ko ƙifta ba. Da suka dawo da yamma, doya har saman ƙarfe, ya ɗauko sifana zai kwance gejinsa, ta buge masa hannu.

"Taɓa shi ka gani. Je ka sayi naka."

Opanin Boaten ya zo ran Lahadi bayan an taso daga coci, zane a kafaɗa, Ntim na biye da shi ɗauke da lema. Afrakoma ta kawo ruwa, aka tambayi baƙo abin da ke tafe da shi kamar yadda aka saba, ko da yake kowa ya sani. Tsohon ya yi magana mai tsawo, a hankali, da murya ƙasa ƙasa irin ta manya. Labarin zanzaro ya riga ya kai masa, ya kuma yaba. Amma ya ce rawa ta fi kyau in mai rawa ya fita fili ana tafa masa. Ya ce Ntim ya daɗe a rana. Ya ce gona na kuka da rashin mai ita.

Agya Adusei ya bar shi har ya kai aya.

"Nana," ya ce, kamar yadda suke kiran manya, "rabin maganarka na gani a bakinka, rabi kuma gemu ya rufe. Amma ba sai ka maimaita ba. Ni kurma ne. Na faɗa da bakina, don a huta da raɗa a bayana, dama ba ji nake ba. Kurma ne ni, ba gawa ba. Gadon mamaci ake ci. Ranar da aka fitar da ni daga rumfar nan ƙafa a gaba, Ntim ya shiga, ko ƙusa ɗaya kada a hana shi. Kafin nan, in yana son inuwa, a ƙara kwano a gaba, ni zan saya."

"Kwadwo, dangi ne ke magana."

"To dangi su ɗaga murya, Nana. Ko sun ɗaga, amsar ke nan."

Ntim ya miƙe, idonsa ja. "Wofa, gashina ya fara fari a ƙofar rumfarka. Sai yaushe?"

Agya Adusei ya dube shi. Yaron da ya goya ne, kuma gaskiya yake faɗa. Ya ji ta har cikin ƙashi. Duk da haka bai sunkuyar da kai ba.

"Ban sani ba, ɗana. Kuma ba zan yi sauri don kai ba."

Opanin Boaten ya tafi bai ci sakwarar da aka daka dominsa ba. Cikin makon Ntim ya kwashe akwatin kayan aikinsa ya koma wani layi can sama, direbobi da yawa suka bi shi, kuma ba laifi suka yi ba. Aka daɗe kawu da ɗa ba sa haɗa hanya. Abin da ya rage wa Agya Adusei shi ne motocin da suka gagari kowa, masu ciwon da ke ɓuya in an zo gaban bakanike. Ba su da yawa. Wata rana ya wuni bai taɓa ƙarfe ba.

Amma kullum safiya shi ke ɗaga ƙyauren kwanon da kansa, yana dafe da ƙugu. Wata safiya cikin damina, ruwa na zuba a kan rufin ba ya jin ko ɗigo, wani ɗan tasi ya turo motarsa har bakin rumfa, jiƙe sharkaf. Ya tsaya a bayan tsohon yana ta zuba bayani da hannu da ƙafa, yana kwaikwayon kukan da motar ke yi. Agya Adusei ya gama goge hannunsa sannan ya juyo.

"Kana ɓata yawunka, abokina," ya ce. "Ba a faɗa maka wurin kurma ka zo ba? Buɗe bonet."